Takardar da Aka Yanka Gida Uku: Tarihin Kalmar "Tripartite"

A farkon 2024 kalmar "tripartite" ta cika jaridun Turanci na Nijeriya, sa'ad da aka kafa kwamitin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata, kafin daga bisani a tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Da Hausa akan ce kwamitin ɓangarori uku. Fassarar ta yi daidai, sai dai rabin ma'anar ta kama, domin tun asali kalmar tana ɗauke da abu biyu: abin da aka raba gida uku, da kuma uku da suka haɗa kai.

Tushenta Latin ne, daga "tri", wato uku, da "partitus", wato rababbe. Rabuwa ce ke gaba, haɗuwa daga baya ta shigo, kuma kotunan Ingila na zamanin da suna nuna yadda ɗaya ta haifi ɗaya. A can akan rubuta yarjejeniya fiye da sau ɗaya a kan fata guda, sannan a yanka ta a karkace, kowa ya tafi da nasa yanki. In gardama ta taso sai a haɗa bakunan. Wanda ya zo da na jabu, nasa ba zai zauna ba. Daga 1195, lokacin da Hubert Walter yake babban alƙalin Sarki Richard na Ɗaya, aka fara rubuta sulhun filaye sau uku: biyu na masu shari'a, na uku a ajiye a baitulmalin sarki. Yanki na uku shi ne shaida, wanda ba ya cikin rabon.

Ba kullum na ukun yake tsayawa a matsayin shaida ba. A 1405 Owain Glyndŵr na Wales da Edmund Mortimer da Henry Percy, hakimin Northumberland, suka ƙulla yarjejeniya mai ɗauke da wannan suna, inda suka kasa Ingila da Wales gida uku a tsakaninsu, alhali Sarki Henry na Huɗu yana kan gadonsa. Tawayen ya ci tura, rabon bai wuce kan takarda ba.

Ƙarni na ashirin ya gaji wannan fuska ta biyu. Ranar 27 ga Satumba 1940, a Berlin, Jamus da Italiya da Japan suka sa hannu a ƙawancen ƙasashe uku, inda suka amince Turai ta zauna ƙarƙashin jagorancin biyun farko, gabashin Asiya kuma ƙarƙashin Japan. A 1956, bayan Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez mallakar ƙasa, Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka yi wa Masar taron dangi. Har yau Misrawa suna kiran yaƙin da harin ƙasashe uku.

Fuskar da ta iso teburin albashi kuwa ta fito ne daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919 ƙarƙashin yarjejeniyar Versailles. A babban taronta kowace ƙasa tana tura wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa, kuma wakilin ma'aikata yana da ikon saɓa wa gwamnatin ƙasarsa.

Nan ne tsohuwar matsalar take sake bayyana. An zaunar da gwamnati domin ta riƙe yanki na uku, kamar baitulmalin 1195. Amma a ƙasa irin Nijeriya, inda gwamnati take cikin manyan masu biyan albashi, mai ajiye shaidar shi ma yana da kaso a rabon. Saboda haka duk inda aka ji an ce ɓangarori uku, tambayar farko ita ce ko na ukun alƙali ne, ko kuwa ɗaya daga cikin masu shari'ar.