Labarin Maginan Basra Da Farin Kwanon Ƙasar Sin

Kowane yaro ya san randa. In an cika ta da ruwa a kan ga bayanta yana naso, domin yumɓu, ko an gasa shi, ba ya rasa 'yan kafofin da ido ba ya gani. Ga randa wannan alheri ne, gama shi ke sanyaya ruwa, amma ga kwanon miya aibi ne. Maganinsa shi ne a tufatar da kwanon da 'yar rigar gilas, wadda a ke shafawa tana ruwa-ruwa, wuta ta narkar da ita ta manne. Ita ce ƙyallin nan da ku ke gani a jikin tangaran, wanda mutanenmu ke kira faɗi-ka-mutu. A nan za mu kira ta shafen gilas. Labarinmu na yau na waɗansu magina ne na birnin Basra, cikin ƙasar Iraƙi, waɗanda suka nemi yin abin da ya fi ƙarfinsu, suka kasa, amma wajen kasawar suka fito da abin da duniya ta yi shekaru aru-aru tana koyi da shi.

Da fari sai mu san yadda a ke haɗa shafen. Asalinsa yashi ne. To, yashi ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani, saboda haka a kan gauraya shi da tokar itatuwa, ko dangin kanwa, ko dalma, su sauƙaƙa masa narkewa. Launi kuwa daga ƙarafa ya ke fitowa. Jan ƙarfe ya kan ba da kore in shafen na dalma ne, in kuwa na toka ne sai ya koma shuɗi-shuɗi. Baƙin ƙarfe ya kan ba da rawaya ko ruwan ƙasa. Wani ƙarfe da a ke kira kobalt shi ke ba da shuɗi, kamar na rigar da ta sha baba. Abin mamaki, kafin a sa wuta duk waɗannan gari ne dushi-dushi, ba ka ce ga launin da zai fito ba. Marini yana ganin aikinsa tun a bakin karofi, amma magini sai tanda ta huce ya san abin da ya shafa.

Cikin shekarar 762 Halifa Mansur ya kafa Bagadaza, dukiya ta taru, jiragen ruwa suka riƙa zirga-zirga tsakanin bakin tekun Basra da ƙasar Sin. Wani marubucin tarihi, Baihaƙi, ya ce gwamnan Hurasan, Aliyu ɗan Isa, ya aika wa Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, da tangaran 20 irin na fadar Sarkin Sin, da waɗansu 2,000 na daban. Cikin 1998 kuma masu nutso suka tarar da wani jirgi, ƙirar Larabawa, wanda ya nutse kusa da tsibirin Belitun na Indunusiya wajen shekarar 830, ɗauke da tangaran na Sin wajen 60,000. Wannan jirgi guda ke nan. Ku duba irin kasuwar da maginan Iraƙi suka ga tana wuce su.

Abin da ya fi ɗaukar idon masu saye shi ne farin kwano, fari fat, mai amo in an ƙwanƙwasa. Mutanen Sin na da wata farar ƙasa mai jure wuta, da tandunan da ke kai zafi wajen digiri 1,300, bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100. Maginan Basra ba su da ko ɗaya. Yumɓunsu fatsi-fatsi ne, wutarsu kuwa ba ta wuce wajen digiri 1,000 ba. In sun sa shafe garai-garai, sai launin yumɓun ya leƙo ta ciki, asiri ya tonu.

Da suka ga ba su iya sāke yumɓu, sai suka sāke riga. Masu aikin gilas sun daɗe da sanin cewa kuza tana hana gilas nuna abin da ke bayansa. A kan ƙona dalma da kuza tare har su zama toka, a niƙa da garin gilas, a dama da ruwa, sa'an nan a tsoma kwanon da an riga an gasa. Cikin wuta kuzar ta kan watsu cikin shafen, ƙwayoyi ƙanana ainun, sai ya fito fari kamar madara. Kwanon dai yumɓu ne, bai kai na Sin ƙwari ba, amma ido bai raina shi ba.

Ba su tsaya nan ba. Da suka sami farin fili sai suka yi sha'awar rubutu a kansa, kamar yadda almajiri ba ya ganin wankakken allo ya ƙyale. A nan ne zaɓen launi ya zama hikima. Koren jan ƙarfe ya kan zuba cikin wuta, ya bi jikin kwano yana tsiyaya, don haka suka bar shi wajen ado na yayyafi. Kobalt kuwa ba ya yin nisa da inda aka sa shi, ɗan kaɗan kuma ya isa, shi suka zaɓa wa alƙalami. A kan ɗanyen shafe a ke zanen, kafin gashi na biyu. Shafen ya kan tsotse ruwan nan take, ba gogewa, ba gyara. Da haka suka zana ganyaye, da kalmomin sa albarka ga mai kwano, wani lokaci har da sunan wanda ya yi aikin.

Har wa yau suka aro wata dabara daga masu ƙawata gilas na Masar da Sham. A kan niƙa haɗin azurfa da jan ƙarfe da jar ƙasa, a dama da ruwan tsami, a yi zane bisa kwanon da ya riga ya sha shafe ya fito daga wuta. Sai a mayar da shi tanda, wuta kaɗan, hayaƙi da yawa. In ya huce a goge ƙasar, sai ga zanen yana walƙiya kamar zinariya, alhali ba ƙwayar zinariya a ciki. Waɗansu masana suna ganin abin ya karɓu ne domin shari'a ta hana ci a kwanon zinariya da na azurfa. Aiki ne mai kasada, gama hayaƙi in ya gaza ba ƙyalli, wuta in ta zarce aiki ya ɓaci.

Tsakanin 1911 da 1913 wani Bajamushe, Ernst Herzfeld, ya tona kufan Samarra, inda halifofi suka zauna daga 836 zuwa 892, aka iske gutsattsarin tangaran na Sin da na Iraƙi wuri guda. A Ƙairawan ta Tunisiya, birnin nan da a ke danganta mai littafin Risala da shi, akwai fale-fale 139 masu irin wannan walƙiya kewaye da mihrabin babban masallaci, an kafa su wajen 862, suna nan har yanzu.

Daga Iraƙi sana'ar ta tafi Masar, da Farisa, da Andalus. Cikin 1301 wani mutumin Kashan, Abul Ƙasim, ɗan gidan magina, ya rubuta yadda a ke haɗa launukan, ya ambaci ƙauyen Ƙamsar inda a ke haƙo kobalt. Farin shafen kuza ya ƙetare zuwa Italiya, daga bisani ya kai garin Delft na ƙasar Holan. Amma ga inda labarin ya fi daɗi. Cikin ƙarni na 14 maginan Jingdezhen, babban garin tangaran na Sin, suka shiga zana shuɗi bisa fari da kobalt da a ke kawo musu daga Farisa. Akwai tuluna biyu irin wannan a gidan tarihi na London, an rubuta shekararsu, watau 1351. Ashe wanda aka je koyo wurinsa ya komo yana sayen tawada wurin almajiri.

To, 'yan makaranta, ga abin lura. Da maginan Basra sun naɗe hannu sun ce ba farar ƙasa, da ba wanda ya ji labarinsu. Da kuwa sun tsaya ga kwaikwayo tsantsa, da kayansu sun tabbata na biyu a kasuwa. Abin da suka yi shi ne suka san iyakar yumɓunsu da wutarsu, suka nemi ilmi wurin maƙwabtansu masu gilas, suka yi ta gwadawa. In kun ga kayan wata ƙasa sun fi naku kyau, kada ku raina sana'ar gida, kada kuma ku ƙi koyo. Ku tambayi yadda aka yi, sa'an nan ku duba abin da ke hannunku. Da abin da mutum kan samu, da shi kan yi ado. Allah ya sa mu dace, amin.