Sarki, Emir ko Chef: Mudun Aro da Aka Auna Sarautun Arewa

Hutun bara na koma gida Dogon Dutsi da wani aiki da malaminmu na fassara ya ba mu. Ya ce kowa ya jera sunayen sarautun yankinsu, sa'annan ya sa takwaran kowace a Faransanci da Ingilishi. Na ɗauka aikin dare guda ne. Na ja layi uku a takarda, na rubuta Sarkin Arewa na sa masa "roi" da "king", na rubuta Sarauniya na sa mata "reine" da "queen". Da na zo kan Baura na Bagaji sai na ɗan tsaya, na ga ai ƙauye ne, na rubuta "chef de village" na wuce.

Da dare ina karanta ma kakata abin da na yi, ina mai da mata shi Hausa. Ta saurara har na kai kan Baura.

"Mi ka ce da shi?"

"Maigari, Kaka."

"Maigari? Kai maigidana, lakwal ɗin ga taku ta cinye maka hankali. Maigari lanho shika tarawa. Baura ƙasa shika riƙo. Ina wanga, ina wancan?"

Na yi dariya, amma na kwana da maganar. Wagga tsohuwa ba ta taɓa zama aji ba, ga shi cikin jimla biyu ta nuna mini kuskuren da ni ɗan sashen nazarin harsuna ban gani ba. Abin da na bi diddigi bayan nan shi nake so mu duba tare, ƴan'uwa ɗalibai, don na tabbata ba ni kaɗai ke wannan kuskure ba.

Mu fara da kalmomin Ingilishi su kansu, don kowace da tarihinta. Kalmar "king" dangin kalmar "kin" ce, wadda ke nufin dangi ko zuri'a, wato tun asali jini take nunawa. "Queen" kuwa a tsohon Ingilishi mace ko matar aure take nufi, shi ya sa har yau kalmar guda ta haɗa mace mai mulki da kanta da matar sarki wadda ba ta da iko. "Lord" ta fito daga tsohuwar kalma mai ma'anar mai tsaron burodi, kamar mu ce mai riƙe da rumbu, wanda ake ci daga hannunsa. "Duke" daga Latin take, ma'anarta jagora, musamman na yaƙi. "Chief" kuma aro ce daga tsohon Faransanci, ƴar'uwar "chef" ce, asalinsu duka kalmar Latin mai nufin kai. Sauran biyun da suka fi shafarmu ba ma nasu ba ne. "Emir" daga Larabci take, amir, mai ba da umurni. "Sultan" ma Larabci ce, kuma tun farko iko ko hujja take nufi kafin ta zama sunan mutum mai riƙe da shi.

Ka ga asalinsu daban-daban ne: jini, abinci, yaƙi, umurni. Amma a Ingila an daɗe da jera irin waɗannan kalmomi kamar matakan tsani. Sarki na sama, ƙarƙashinsa "duke", sai "marquess", sai "earl", sai "viscount", sai "baron". Kowa ya san wanda ke gaban wani wajen zama da wajen shiga fada. Duk wanda ya tashi cikin wannan tsari, in ya ji sunan wata sarauta, tambayarsa ta farko ita ce: mataki na nawa take? Da wannan tambaya Turawa suka iso ƙasarmu.

To, ita kalmarmu "sarki" ba haka take aiki ba. Muna da sarkin pawa, sarkin noma, sarkin maƙera, sarkin tasha. Ba wanda zai ce sarkin pawa "king" ne. Kalmar tana faɗin cewa wane shi ke da wannan fanni. Ba ta faɗin tsawonsa a kan tsani. Sai ka ji abin da ya biyo bayanta kafin ka san irin ikon da ake magana.

A Arewa tamu, wadda Zabarmawa ke kiran mutanenta Mawri, sunan da Faransawa suka ara daga bakinsu, iko iri biyu ne tun da can. Akwai na ƴan ƙasa, Gubawa, waɗanda suka fara sarar daji. Labarin baka ya ce Sarauniya ta taso daga Daura, dutsen Tunguma na mata jagora, har ta zauna Lugu. Baura kuma ya zauna Bagaji. Ikonsu na ƙasa ne da iskoki da ruwan sama da rantsuwa. Sarauniya ba ta da dogarai, ba ta tara haraji, ba ta fita rangadi, zaune take cikin ɗakinta. Ko gadonta ba a yin sa kamar na sarakuna: bayan rasuwarta gawarta ake ɗauka, ita ke nuna wadda za ta gaje ta, abin da ake kira tarkama.

Akwai kuma ikon ƴan sarki, Arawa. Labarin ya ce Ari, ɗan sarkin Barno, ya sauka Bagaji, ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, wanda ya zama Sarkin Arewa na farko. Daga zuri'arsa sarautar doki da mashi ta yaɗu cikin Dallol, Matankari ta zama babbar cibiyarta. Dogon Dutsi na da Kona, Tibiri na da Samna. Samna Karhe na Tibiri na cikin waɗanda suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yaƙi Gwandu a tsakiyar ƙarni na 19. Malamin nan Marc-Henri Piault ya yi nazarin wannan rabuwar iko a littafinsa Histoire Mawri na 1970.

Abin lura a labarin Akazama shi ne, ta wajen uwa jikan Baura ne. Wato labarin da kansa yana gaya ma sarki cewa ƙasar da yake hawa doki a kanta ta kakanninsa na wajen uwa ce. In ka tambayi dattijo wa ya fi girma tsakanin Baura da Sarkin Arewa, zai dube ka kamar ka tambaye shi wa ya fi tsakanin rijiya da guga. Kowa da aikinsa, kuma ɗaya bai isa ba in babu ɗayan.

Sai ga Turawa. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka ta bin Dallol Mawri, sa'annan suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. A 1904 da 1906 suka sake gyara ta, aka tura ta kudu. Ƙarshenta aka raba dangi biyu. Har yau akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi, hedikwatarta Kangiwa, mutanenmu ne. Wannan iyaka ta raba gonaki, ta kuma sa kalma guda, sarki, ta faɗa hannun tafintoci iri biyu.

A wancan gefen, bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su kira kowa "king" ba. A ganina dalilin a fili yake: nasu sarkin, Edward na Bakwai, shi ke riƙe da kalmar, ba za a yi biyu cikin daula guda ba. Mu kuwa da bakinmu Sarkin Ingila muka ce da shi, kamar yadda muke cewa Sarkin Kano, ba mu rage masa komai ba. Su sai suka raba kalmarmu gida-gida. Sarkin Musulmi ya zama "Sultan". Sarakunan Kano, Katsina, Zazzau da Gwandu suka zama "Emir". Sarkin Kabi na Argungu, wanda kakanninsa suka yi shekaru suna yaƙi da daular Usmaniyya, shi ma aka sa masa "Emir", sunan da ke nufin wakilin Amirul Muminina. Sarakunan da ba na Musulunci ba aka bar musu "Chief". Hakimi ya zama "District Head", dagaci "Village Head". Aka kuma raba sanduna, mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Tsanin Ingila ya sauka ƙasar Hausa, kuma addini ya shiga cikin abin da ke tantance matakinka.

A gefenmu Faransawa sun fi taƙaitawa. Kalma guda suka ɗauka, "chef", suka riƙa liƙa mata faɗin ƙasa: na ƙauye, na kanto, na lardi. Sarkin Arewa, Samna da Sarkin Takassaba duk suka zama sarakunan kanto a takarda, ƙarƙashin kumandan, aikinsu tara lanho da tara mutanen aikin dole. Cibiyar mulki ta tashi daga Matankari ta koma Dogon Dutsi. A Dosso kuwa Zarmakoy Auta, wanda ya karɓi Faransawa hannu biyu, gidansa ya samu ɗaukaka har ya zama na lardi. Matakin da aka ba kowa ya bi buƙatar kumandan fiye da tarihin gidan.

To ina Sarauniya da Baura cikin wannan tsani? Babu su. Mudun da aka zo da shi yawan ƙauyuka da yawan masu biyan haraji yake aunawa. Wanda ikonsa na ruwan sama da rantsuwa ne ba ya cika ko rabin mudun. Ba a buƙatar tuɓe su, ya isa a rasa layin da za a rubuta su.

Abin mamaki, Sarauniya ta dawo cikin littattafai ta wata ƙofa, ita ma ta fassara. A watan Afrilu na 1899 mutanen Lugu, zamanin Sarauniya Mangu, suka tari rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta riƙa ƙone garuruwa a kan hanyarta, wadda kuma ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni wata guda bayan haka. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Duniya ta san ta da sunan "reine" da "queen". Ina alfahari da wannan kamar kowane ɗan Arewa. Amma ku tuna a wannan shekara ta 1899 akwai wata "queen" a Landan, Victoria, mai jiragen yaƙi da baitulmali da gwamnoni. In ka sa musu kalma guda, mai karatu zai zana ma Mangu fada da kujerar zinariya da rundunar haya. Daga nan sai ya je Lugu ya tarar da bukka da tsohuwa zaune, ya ce an yi masa ƙarya. Ba a yi masa ƙarya ba, kalmar ce ta sa shi neman abin da ba shi ne ƙarfin wurin ba. Abin da ya tara maharba a Lugu imani ne da wurin da kuma wadda ke riƙe da shi.

Kar ku ce wannan tsohon zance ne. Tsanin na nan da ransa cikin dokokinmu. Dokar sarautun gargajiya ta 1993, da wadda ta maye ta a watan Janairu na 2015, duk da waɗannan matakai suke aiki, daga unguwa da ƙauye zuwa kanto, lardi da daular sultan. A 2010 aka ɗaga Dosso, Katsinan Maraɗi da Gobir zuwa matakin sultan, suka tarar da Agadas da Damagaram. Dubi abin da ya faru: Tibiri biyu gare mu a Nijar. Na Gobir mai sarautarsa "sultan" ne a takardar gwamnati, namu na Arewa, wanda ya zama département a 2011, Samna sarkin kanto ne. A Hausa duka sarakuna ne, kowa da kirarinsa. Kuma matakin ba suna kaɗai ba ne. Tun dokar karkara ta 1993 sarakunan da doka ta sani ke sasanta rikicin gona, maigari ke shugabantar kwamitin filaye na ƙauye. Wanda takarda ta sani shi ke sa hannu. Wanda kakanninsa suka sari dajin, in ba ya cikin tsanin, sai dai a ji ta bakinsa in an ga dama.

Ba ina cewa a koma bautar dutse ba, ni Musulmi ne kamar akasarinku. Ba kuma ina rage darajar sarakunan kanto ba, gidajensu na da tarihi tun kafin Bature. Maganata a kan aikinmu ce, mu da gobe za mu zama malamai, ƴan jarida, tafintocin kotu da na ƙungiyoyi. Ranar da aka sa ka fassara shaidar wani dattijo a rikicin gona, ya ce "mu ne ƴan ƙasa", kai kuma ka mai da shi "citoyens", ka kashe masa hujja da bakinka, don kowa ɗan ƙasa ne a wannan ma'anar. Shi kuwa cewa yake su suka fara zama.

Na sake aikin nawa kafin hutu ya ƙare. Na bar layin Hausa yadda yake, na shafe sauran biyun, gaban kowace sarauta na rubuta jimla biyu ko uku masu faɗin abin da mai ita ke riƙe da shi, wa ke naɗa shi, da abin da ba ya iya taɓawa. Aikin dare guda ya ci mini mako biyu da zama gaban tsofaffi huɗu. Da na karanta ma Kaka sabon, ta saurara har ƙarshe, ta ce: "To, yanzu ka hwara zama mutum. Saura ka koyi gaida su in ka tahi."