Tarihin Ƙarfen Gyaran Haƙora

Jama'a, adon haƙori ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni mata suna goge haƙora da fure, su ci goro, har baki ya yi ja. Alhazai suna komowa da haƙorin Makka. Mai wushirya kuwa, daga Magarya har Dungas ba ta rasa masoya. Abin dariya, a Turai akwai masu biyan kuɗi don a toshe musu wushirya.

Amma akwai haƙoran da suke wahal da mai su. Wani yaro nasa sun hau kan juna. Wani na sama sun turo waje har leɓe ba ya rufuwa. Tauna tana yi masa wuya, asawaki ba ya shiga tsakani, sai ruɓa ta kama. A da, idan haƙori ya dami mutum, wanzami ya cire shi, shi ke nan. Yanzu masu zuwa cin rani Kano ko Yamai suna ganin yara da ƴar waya a kan haƙora. Ita ce ƙarfen gyaran haƙora. Iyaye suna tambaya: kwana nawa ake yi kafin a sa shi, kuma yaushe ake cirewa? Amsar tana cikin tarihinsa.

Kusan shekara 2000 da suka wuce, wani masani na ƙasar Rum mai suna Selsus ya rubuta dabara. Ya ce idan sabon haƙorin yaro ya fito a karkace, a riƙa tura shi da yatsa kullum har ya koma gurbinsa. Ba ƙarfe, ba magani. Amma ya gano babban abu: haƙori yana matsawa idan an danne shi a hankali, yau da gobe.

A Andalus ma an yi wani likita musulmi, Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013. Shi kan ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinariya ko na azurfa.

A 1728, kusan zamanin da aka kafa sarautar Damagaram, wani likitan Faransa, Piyer Foshar, ya fitar da littafi a kan haƙora. A ciki ya nuna wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe kamar baka. Ana sa shi a baki, a ɗaure kowane haƙori a jikinsa da zare, zaren ya riƙa jawo shi kan layi.

Wanda ya mai da aikin nan ilimi mai zaman kansa Ba'amurke ne, Edwad Angil. A 1899, shekarar da Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, shi kuma yana can yana kasa karkacewar haƙora kashi uku. A 1900 ya buɗe makarantar koyon aikin a birnin San Luwi. A 1928 ya fito da irin ƙarfen da na yau ya gada: kowane haƙori da ɗan maƙalinsa, waya guda ta ratsa su duka.

To, amma sa shi a lokacin aiki ne ja. Ba a san yadda za a liƙa ƙarfe a jikin haƙori ba. Sai a yi wa kowane haƙori zobe, kamar yadda maƙeri yake yi wa sanda. Da fari a sa abin da zai buɗa tsakanin haƙora, yaro ya koma gida da ciwo. Ya dawo, a auna, a lanƙwasa, a gwada, a sake. Zuwa bayan zuwa. Ga shi zinariya ake amfani da ita, sai ɗan mai hali. Daga baya aka koma ga farin ƙarfe marar tsatsa, kuɗi suka ragu.

A 1955 wani likitan Amurka, Maikel Bonokore, ya gano cewa idan aka shafa wa fuskar haƙori ɗan ruwa mai tsami, ɗanko zai kama ta sosai. Daga shekarun 1970 liƙawa ta bazu ko'ina. A shekarun nan kuma aka fara aiki da wata waya da aka ƙirƙiro a ma'aikatar binciken sojan ruwan Amurka. Ko an lanƙwasa ta, sai ta nemi komawa yadda take, tana jan haƙora a hankali. Saboda haka yau, bayan an duba baki, an ɗauki hoton ƙashi, an cike haƙoran da suka ruɓe, sa ƙarfen kansa awa 1 ne zuwa 2. Ba yanka, ba ɗinki.

Ga inda nake so mai karatu ya natsu. Likitoci sun rage lokacin sawa, amma sun kasa rage lokacin ƙashi sosai. Haƙori yana da saiwa cikin muƙamuƙi. Idan waya ta danna shi, ƙashin da ke gabansa yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa. Tafiyar ba ta cika wuce milimita 1 a wata ba, wato kamar kaurin ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Idan aka matsa da ƙarfi don sauri, saiwa tana iya lalacewa. Manoman Magarya da suka raya gawo a gonakinsu sun san wannan. Sassabe ɗan gawo da miƙe shi aikin hantsi guda ne. Zamansa itace kuwa sai damina ta bi damina.

Shi ya sa yawancin masu ƙarfen nan suke yin wata 18 zuwa shekara 2 da shi, wasu har 3. Ya fi sauƙi ga yaro ɗan shekara 10 zuwa 14, lokacin da haƙoran girma sun fito, ƙashi kuma bai gama ƙwari ba. Babba ma ana yi masa, sai dai yakan daɗe.

Ga mutumin ƙauye, nauyin yana wajen tafiya. Kowane sati 4 zuwa 8 sai an koma wurin likita ya gyara wayar. Masu wannan aiki kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Uban da ke Dungas ya ƙirga kuɗin mota na shekara biyu, shi da yaron, har da watan shuka da na girbi, kafin ya yarda a fara. A ganina, wanda ba zai iya kai wa ƙarshe ba gara ya dakata. Ƙarfen da aka bari a baki ba kulawa yana tara abinci, ya ruɓar da haƙora, ya kumbura dasashi. Haka ma wanda wasu ke sayarwa don ado, wanda ba likita ya sa ba.

Ranar da aka cire ma da sauran aiki. Haƙora suna son komawa tsohon gurbinsu. Sai likita ya ba da wani ɗan marfi da ake sawa da dare, ko ya liƙa siririyar waya ta bayan haƙora. Wasu suna yin shekaru da yawa suna kwana da shi.