Kurtz a Ƙasar Gobir: Ƙagaggen Labari da Tarihin Shekarar 1899

Cikin shekarar 1899 abubuwa biyu suka auku a wurare masu nisa da juna, waɗanda ya kamata mai nazarin adabi ya dube su tare. Na farko, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu wata mujallar Birtaniya mai suna Blackwood ta buga labarin Joseph Conrad da ake kira Heart of Darkness, watau Tsakiyar Duhu. Na biyu kuwa, a daidai waɗannan watanni wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi Tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Hanyarta daga Birnin Konni zuwa Tibiri ta ratsa ƙasar Gobir, ƙasar da Sabon Birni da Isa suke a kudancinta.

Conrad mutumin Polan ne da ya zama ɗan Ingila, ya kuma yi aikin jirgin ruwa a Kogin Kwango cikin 1890, zamanin da Sarki Leopold na Beljiyam yake riƙe da ƙasar kamar gonar gadonsa. Tauraron labarinsa shi ne Kurtz, wakilin kamfani mai tara hauren giwa, wanda ya zo da da'awar wayar da kan baƙar fata, amma ya ƙare yana kafe kawunan mutane a kan shingen gidansa. Mai ba da labarin, Marlow, shi aka aika ya bi kogi ya ɗauko shi. Jigon littafin shi ne yadda Bature mai ilmi yakan lalace idan ya sami iko a inda babu mai tsawata masa.

Wannan jigo bai tsaya a takarda ba. A watan Afrilu rundunar Voulet ta auka wa Lugu, garin Sarauniya ta Azna, wadda ta ƙi miƙa wuya. A farkon watan Mayu ta ci Birnin Konni, aka yi kisan da har yau mutanen garin ba su manta ba. Da labarin ta'asar ya isa Faris ta hanyar wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau, sai gwamnati ta aika Kanar Klobb daga Timbuktu ya bi sawu ya karɓe ragamar rundunar. Klobb ya yi ta wuce kufai da rijiyoyi cike da gawawwaki, har ya cim ma Voulet a Dankori ranar 14 ga Yuli, inda Voulet ya sa aka harbe shi. Sa'an nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa ta kansa. Cikin kwana uku sojojinsa baƙar fata suka yi bore, suka kashe Chanoine da shi kansa a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Kamannin da ke tsakanin Kurtz da Voulet a bayyane yake, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kamannin bayanin da aka bayar game da su. Conrad ya nuna cewa daji da kaɗaici ne suka farkar da mugun halin da ke kwance a zuciyar Kurtz. Hukumomin Faransa kuma suka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa hankalin hafsoshin nan biyu. Ta haka aka ɗauke laifi daga kan tsarin da ya aiko runduna ba tare da isasshen guzuri ba, ya bar ta ta ci daga rumbunan talakawa, aka ɗora shi a kan mutum biyu da kuma ƙasar da aka zalunta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shaidar haka ita ce Faransa ba ta mayar da ko taki ɗaya ba: ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, wani sashenta ya kai Kusiri inda aka kashe Rabe cikin Afrilu 1900.

A nan ne sukar da Chinua Achebe ya yi wa littafin, a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Masachuset ta Amurka, take da ƙarfi. Achebe ya ce Conrad ya mai da Afirka fagen da Bature zai gwada zuciyarsa kawai, mutanenta ba su da suna, da kyar suke magana. Lallai Conrad ya tona asirin kwaɗayin masu mallaka fiye da yawancin marubutan zamaninsa, amma tausayinsa bai kai shi ga ganin waɗanda aka yi wa ɓarnar a matsayin masu tarihi ba.

Gobir kuwa tana da tarihi, har da siyasa mai sarƙaƙiya. Bayan faɗuwar Alkalawa cikin 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tibiri. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Isa kuma tana tsaye a matsayin ribaɗin Sakkwato. Turawa ba su kula da wannan ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira ce kawai mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka sake gyara iyakar cikin 1904 da 1906. Ƙarshenta Tibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila, aka raba dangi ɗaya gida biyu. Wannan aiki masu cikakken hankali ne suka yi shi a ofisoshin Landan da Faris, kuma ya fi haukan Voulet daɗewa.

Marubutan ƙasar Hausa sun ba da amsa. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, ya ba da labarin zuwan Turawa daga bakin mayaƙin da ya kara da su, ko da yake ofishin masu mulkin ne ya buga shi. Cikin 1980 Abdullahi Mamani na Nijar ya wallafa Sarauniya da Faransanci, ya mai da matar Lugu tauraruwa, Voulet kuma ya koma baƙon da ya zo yin ɓarna. Med Hondo ya mai da labarin fim cikin 1986.

Saboda haka ɗalibin da aka ba shi Conrad ya karanta ba zai yar da littafin ba, domin akwai gaskiya a cikinsa game da halin mai iko. Sai dai ya wajaba ya karanta shi tare da labarin Lugu da Konni da Dankori, ya kuma nemi abin da tsofaffin Sabon Birni da Tibiri suka ji daga kakanninsu game da shekarun zuwan Turawa, ya rubuta shi tun masu ba da shi suna raye.