Daga miskali zuwa giram: abin da gadon kakata ya koya mini game da zinare

A Sabon Zango na tashi, jikin Abossey Okai, inda kowa ya san mu da kasuwar kayan gyaran mota. Ba wanda zai ce maka a je can neman zinare. Amma kusan kowane gida akwai wata Hajiya da ta ƙulle ɗan kunne ko sarƙa a ƙasan adaka, kuma da wannan ƙullin ake biyan kuɗin makaranta ko na asibiti ranar da abu ya ɓaci.

Da kakata ta rasu aka zo rabon gado, ni aka aika da kayanta wajen wani maƙerin zinare a Nima ya yi musu kuɗi. Akwai wata ƙatuwar sarƙa da awarwaro huɗu da aka kawo mata tsaraba, waɗanda mata suka daɗe suna sa wa ido. Akwai kuma wasu 'yan kunne ƙanana, tsohuwar ƙira, sun dushe. Maƙerin ya goga kowanne a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. Zanen sarƙar ya ɓace nan take, domin farin ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinare. Na 'yan kunnen ya tsaya daram. Ya ce, "Malam, gadonku yana cikin ƙananan nan."

Sai na tuna kakata ba ta taɓa tambayar kyan zinare ba. Miskali nawa ne, shi ke nan tambayarta.

Kalmar nan ta girmi Zango nesa ba kusa ba. Miskali awon Larabawa ne, nauyin dinari guda, wajen giram 4.25. Wangarawa ne suka sauko da shi kudu tun wajen ƙarni na 14 da na 15, suna sayen zinare a garin Begho da ke bakin daji, suna kaiwa Jenne da Tumbuktu, daga can raƙuma su ƙetare Sahara da shi. Mutanen Akan suka karɓi awon suka gina nasu a kai. Waɗannan 'yan gumakan tagulla da ake sayar wa masu yawon buɗe ido yanzu, duwatsun awon garin zinare ne a da. Mai saye da mai sayarwa kowa da nasa sikeli da nasa duwatsu, sai awo ya zo ɗaya ciniki ya faɗa. Algus ma ba yau aka fara ba, tun lokacin ana cuɗa garin tagulla a cikin na zinare. Labarin zinaren ne ya kawo Turawan Fotugal, har suka gina ganuwar Elmina a 1482.

Mu dai kakanninmu goro ne ya kawo su Gwanja. Sun yi ta fatauci a Salaga, Tonawa na kawo goro, su suna kawo tufafi da kanwa da fatu. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai jama'a suka gangaro Kete Krachi da Kumasi da Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Sun taho da miskali a cikin littattafan fiƙihu: mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, nisabin zakkar zinare kuwa miskali 20, wato giram 85.

Yau giram ake faɗa, da karat. Tsantsar zinare karat 24 ne, amma ya cika laushi, shi ya sa ake haɗa shi da azurfa ko jan ƙarfe. Lambar da ke jikin maƙalin sarƙa ko cikin zobe tana faɗin kason zinare cikin dubu: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21 wanda alhazai suka fi kawowa daga Makka, 750 kuma karat 18. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke cewa "ɗan Saudiyya ne" ko "ɗan Dubai ne" mu ɗauka magana ta ƙare, alhali Gana ce kan gaba wajen haƙar zinare a Afirka. Sunan gari ba ya ƙara ko ƙwayar gero a sikeli. Lambar ma ana iya buga ta a jikin jabu, domin sarƙar kakata 875 aka rubuta mata.

Bara da za mu haɗa wa ƙanwata kayan aure, na sa aka auna a gabana, aka cire nauyin duwatsun ado, aka faɗa mini kuɗin zinare daban kuɗin ƙira daban, tunda ranar sayarwa kuɗin ƙira ba ya dawowa. Na ce a rubuta karat da giram a rasit. Mai shagon ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, da gani an taɓa cin kasuwarka." Na ce ba tawa ba ce, ta kakata ce. 'Yan kunnen nan kuwa ƙanwata aka bai wa, da su aka kai ta ɗaki.