Ƙunar da Ido Ba Ya Gani

A daren 28 ga Nuwamba 1942, gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove da ke Boston a Amurka, ta kashe mutum 492. Likitocin da suka yi jinyar waɗanda suka tsira sun ƙara tabbatar da cewa ruwan da ke tsiyayewa daga jijiyoyin jini bayan ƙuna yana iya kashe mutum tun kafin gyambon ya ruɓe. Daga nan aka duƙufa neman lissafin ruwan da za a ƙara wa majinyaci.

A 1968, Charles Baxter na asibitin Parkland da ke Dalas ya fito da lissafin da ake amfani da shi har yau: mililita 4, sau nauyin mutum a kilo, sau kason fatar da ta ƙone. Mai kilo 70 da kashi 20 na fatarsa ya ƙone zai samu mililita 5,600 cikin awa 24 na farko.

Mu masu rubuta manhaja mun san lissafi ba ya sanin abin da ba a ba shi ba. Wannan lissafin fata kaɗai yake aunawa. Lantarki mai ƙarfi kuwa yakan shiga ta ɗan tabo a tafin hannu, ya dafa tsokar da ke kewaye da ƙashi, ya fita ta ƙafa. Idan aka bi girman tabon, ruwan da za a ƙara ba zai isa ba.

Ashe bakin zaren yana cikin wani bincike da ya riga gobarar Boston. A 1941, Eric Bywaters da Desmond Beall sun yi rubutu kan mutanen da gine-gine suka danne a Landan lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai. An ciro su da rai, amma bayan kwanaki ƙodarsu ta tsaya. Dalili shi ne matacciyar tsoka tana sakin sinadarin mayogulobin, wanda ke lalata ƙoda. Daga baya likitoci suka lura raunin lantarki ya fi kama da wannan fiye da ƙunar gobara.

Shi ya sa a yau ake lura da yawan fitsarin majinyaci da launinsa, a auna bugun zuciyarsa, wani lokaci a tsaga hannun da ya kumbura don jini ya samu hanya. Wanda babban layin wuta ya ja, ko da tabonsa bai fi kwabo ba, a kai shi asibiti nan take.