Kafin Taki Ya Shiga Waya

Yaran da ake turowa yanzu a matsayin malaman gona, kowa da kwamfuta a hammata, sun ɗauka tallafin taki ya fara ne a 2012, lokacin da minista Akinwumi Adesina ya kawo tsarin GES, manomi ya ga saƙo a waya, ya je ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. Ni da na yi ritaya a shiyya ta ɗaya ta hukumar aikin gona ta KNARDA, nan Rano, ina da abin faɗa musu.

Da muka kama aiki a farkon shekarun 1980, tsadar taki ba ta dame mu ba. Tun shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 gwamnati ke ɗauke kaso mafi tsoka na kuɗin buhu. Wahalar ita ce a yarda da shi. Dattawan Yalwa cewa suke takin zamani yana ƙona ƙasa, wanda ya saba mata da shi ya jawo wa kansa. Sun fi amincewa da takin gida da jakuna ke kaiwa a mangala tun da rani, ko a roƙi Fulani su sauka a gona da shanunsu bayan girbi.

Makaminmu shi ne gonar gwaji: ɗan fili mita goma tsawo, goma faɗi, a gefen gonar mutum, inda masu zuwa kasuwa za su gani. Maigidana a aiki, wani dattijo mutumin Kibiya, Allah ya jiƙansa, bai yarda a watsa taki ba. Sai ka huda rami da tsinke, ɗan nesa da gindin masara, ka zuba kamfa cikin murfin kwalba, ka rufe da dunduniya. Yuriya sai masara ta kai gwiwa. Supa kuwa ta gyaɗa ce, kuma da zarar an ambaci gyaɗa ya dinga labarin cutar 1975 ke nan, yadda ganye ya nannaɗe, mutane suka koma dawa da gero ba shiri. Ya hana mu musu da manomi. A bar gonar gwajin ta yi bayani. Kafin kaka, wanda ya kore ka a bazara shi zai tare babur ɗinka yana cewa, "Malam, a sa sunana."

Sunan kuma ba a ofis ake rubuta shi ba. Da mai unguwa muke bin gona-gona, dagaci ya tabbatar, sannan mutum ya nufi siton kamfanin kayan gona na KASCO. Ba ka isa ka sa sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, don gobe za ku haɗu a masallaci.

Abacha ya janye tallafin a 1997, aka dawo da shi kashi 25 cikin ɗari a 1999. Daga nan taki ya koma kayan siyasa. Na ga an raba buhu ɗaya da kwano a ƙofar gidan mai unguwa, masara ta riga ta yi bunni. An fafe gora ranar tafiya, sauran takin kuma ya bi dare ya shiga kasuwa.

Tsakani da Allah, waya ta rage wannan ɓarna, duk da a lokacin tsoho kan wuni jiran sabis da layin jikansa. Yarjejeniyar Buhari da Maroko a 2016 ma ta sauko da buhun kamfa zuwa naira 5,500 na wani lokaci. Amma saƙon waya ba ya gaya wa manomi cewa yuriyar da ya watsa a busasshiyar ƙasa da rana tsaka iska ce za ta sha kaso mai yawa. Duk kuɗin da za a ware wa taki, a ware wa malamin gona na man babur, a kuma tilasta masa shiga gona kafin ya rubuta sunan kowa.